Borin Jini a Ɗakin Kemo: Yadda Ake Kwantar da Shi da Yadda Ake Komawa Kan Magani

Borin jinin da maganin kemo ke tayarwa yana cikin abubuwan da suka fi firgita mai cutar daji da danginsa, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kemo shi ne maganin da ake ɗura wa mai daji ta jijiya, galibi a cikin ƙarin ruwa, sau da yawa bayan kowane mako 3, domin ya kashe ƙwayoyin cutar. Wahalhalunsa na yau da kullum sanannu ne: tashin zuciya, zubewar gashi, kasala, baƙin farce. Waɗannan a hankali suke zuwa, cikin kwanaki. Borin jini kuwa ba ya sallama. Yakan taso ruwan yana cikin shiga, wani lokaci kafin a cika minti 10 da buɗe shi. Dalilinsa shi ne garkuwar jiki ta ɗauki maganin a matsayin maƙiyi, ta taso masa da faɗa.

Ga mutanen Tambuwal da Kebbe, wannan lamari yana da nauyin da bai kai haka ba ga mazaunin birni. Wanda aka gano yana da daji a wannan yanki na kudancin jihar Sakkwato, galibi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake tura shi, inda sashen kula da masu daji yake. Wasu kan nufi Birnin Kebbi ta hanyar Jega, wasu har Zariya. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100, ta Shagari da Bodinga. Wanda ya taso daga Kuchi ko Girkau ko Margai, sai ya fara fitowa Kebbe, ya biyo ta Tambuwal, sannan ya kama babban titi. Kowane zuwa yana cin kuɗin mota na mutum biyu, da na gwajin jini, da na maganin da sau da yawa sai an sayar da tunkiya ko buhun gero kafin a haɗa shi. Iyalin da suka sha wannan ɗawainiya, suka ga maganin da suka saya da guminsu ya nemi shaƙe 'yar uwarsu a gaban idonsu, ba abin mamaki ba ne su ɗauke ta su koma gida ba su sake waiwayen asibiti ba.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mace mai sankarar mama tana kishingiɗe a kujera, an sa mata kanula a bayan hannu, ƙanwarta na zaune a gefe da ƙullin kaya. An buɗe ruwa. Ba a jima ba sai ta gyara zama, ta ce zafi take ji yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska. Sai ta dafe ƙugu, ta ce bayanta kamar ana sara. Malamar jinya ta matso ta ce, “Inna, me kike ji? Numfashin fa?” Kafin ta rufe baki hannunta ya riga ya kai kan makunnin ruwan ta rufe shi. Wannan rufewar ita ce magani na farko, kuma a mafi yawan lokuta da ita da allura ɗaya ko biyu, cikin rabin awa matar ta dawo hayyacinta tana tambayar ruwan sha.

Amma abin da ƙanwar ta gani ba zai fita daga ranta ba, kuma shi za ta kai gida. A ƙasar Hausa akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya harzuƙa. Ranar da borin jini ya faru, masu wannan magana sukan ga kamar sun sami shaida. Gaskiyar ita ce dajin ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Jikin ne ya yi gardama da wani sinadari, kamar yadda wani in ya sha kulorakwin yake kwana susa, wani kuma ya sha lafiya lau. Ba alama ce ta cewa maganin ba ya aiki ba, ba kuma alama ce ta cewa cutar ta fi ƙarfin asibiti ba. Yawancin waɗanda hakan ta same su suna iya ci gaba da magani har su kammala, in aka bi hanyar da ta dace.

Tushen abin yana cikin wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a fata, da hanyoyin numfashi, da hanji, da gefen jijiyoyin jini. Kowace ɗaya cike take da sinadarai masu ƙarfi, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne histamin. In wani abu ya tsokane su sai su fashe gaba ɗaya, su zubar da abin da ke cikinsu. Jijiyoyin jini su buɗe, fata ta yi ja ta yi ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi. In abin ya yi tsanani, hanyoyin iska su tsuke, leɓe da harshe da maƙogwaro su kumbura, jini ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya sume. Wannan matakin na ƙarshe shi likitoci ke kira anafilaksis, sunan da wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suka raɗa masa a 1902, bayan sun ga karen da aka yi wa allurar wani dafin halittar teku ya jure a karon farko, amma kaɗan daga cikinsa ya kashe shi a karo na biyu.

Ba duk magungunan kemo ne suke da wannan hali daidai wa daida ba, kuma kowanne yana da lokacin da ya fi tayar da bori. Sanin wannan lokacin rabin shiri ne.

Na gaba-gaba su ne fakilitaksel, wanda aka fi sani da sunan Taxol, da ɗan uwansa dositaksel. Ana amfani da su sosai a sankarar mama, da ta ƙwan mace, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza. Asalin fakilitaksel daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka samo shi, aka kuma amince da shi a can a ƙarshen 1992. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa a ruwa, don haka ake narkar da shi a wani sinadari da ake sarrafawa daga man zurma, wannan dai zurmar da ke fitowa a bayan gida da bakin bola. Sau da yawa wannan mahaɗin ne yake tsokano garkuwa, kuma ba ya buƙatar jiki ya taɓa saninsa. Shi ya sa borin waɗannan magunguna yakan zo a zama na farko ko na biyu, cikin mintunan farko. Alamominsa da aka fi gani su ne jan fuska, nauyin ƙirji, sarƙewar numfashi, da wani matsanancin ciwon baya ko ƙugu. A farkon gwajin fakilitaksel, kusan mutum 3 cikin 10 sukan yi bori. Da aka fara ba da magungunan share fage kafin a ɗura shi, masu tsanani suka ragu zuwa 'yan ƙalilan cikin 100.

A nan akwai abin da yake rikita iyalai da yawa. Tsarin da aka saba bi a sankarar mama shi ne a fara da zama 4 na haɗin da ke da jan maganin nan, doksorubisin, sannan a koma zama 4 na ɗaya daga cikin waɗancan biyun. Matar da ta sha zama huɗu lafiya, ranar na biyar sai jikinta ya yi bori, dangi su ce ai jikin ne ya gaji, ko maganin jabu ne aka ba su. Alhali zama na biyar ɗin shi ne na farko ga sabon magani. Wannan rana ce da ya kamata a yi wa majinyaciya da mai rakiyarta bayani tun kafin a buɗe ruwa.

Rukuni na biyu su ne masu sinadarin filatinam: kabofilatin, oksalifilatin da sisfilatin. Halinsu kishiyar na farko ne. Jiki yakan karɓe su sau da yawa ba tare da ƙorafi ba, alhali a ɓoye garkuwa tana haddace kamanninsu tana tanadin makami. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 1999 ya nuna cewa cikin waɗanda suka wuce zama 7 na kabofilatin, kashi 27 cikin 100 sun yi bori, alhali a zaman farko-farko da wuya a gan shi. Wadda ta fi shiga haɗari ita ce mai sankarar ƙwan mace da ta gama zama 6, ta huta watanni, cutar ta dawo, aka sake ɗora ta a kan maganin. Zama na biyu na wannan sabon zagaye, wato na 8 a jimla, shi ne inda aka fi jin tsoro. Yakan fara da ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa, abin da mutum zai iya rainawa. Bai kamata a raina shi ba, domin borin wannan rukuni ƙaruwa yake yi daga zama zuwa zama.

Akwai wasu kuma. Asfarajines, da ake ba yara masu sankarar jini, yana cikin masu yawan tayar da bori bayan an maimaita shi. Rituksimab da tarastuzumab, waɗanda ba kemo ba ne na asali amma a ɗaki ɗaya ake ɗura su, sukan kawo zazzaɓi da rawar sanyi a karon farko, sannan abin ya yi sauƙi a zaman da ke biye.

Ba kowane abin da ya faru a ranar kemo ne borin jini ba, kuma rarrabewar tana da amfani. Fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu bayan jan magani launin maganin ne, ba jini ba. Zafi ko kumburi a daidai inda kanula take yana nufin ruwan ya fita daga jijiya yana zuba a cikin tsoka. Wannan wata matsala ce daban, ita ma ta gaggawa, don jan magani yana cin nama. Oksalifilatin yana sa jijiyoyi su ƙi sanyi, ta yadda wanda ya fito daga zama ya sayi ruwan leda mai ƙanƙara a tasha zai ji kamar an shaƙe masa wuya, alhali hanyar iskarsa a buɗe take. Maganin wannan shi ne ƙaurace wa abu mai sanyi na 'yan kwanaki. Zazzaɓin da ya zo bayan mako ɗaya zuwa biyu, ya kai digiri 38, shi ma ba bori ba ne. Alama ce ta cewa ƙwayoyin garkuwa sun yi ƙasa, wata cuta ta samu shiga. Wannan ba na a sha maganin maleriya a kwanta ba ne, na asibiti ne a ranar.

In borin ya taso, matakan a jere suke. A tsayar da maganin nan take, amma a bar kanular a jijiya, a canza robar ruwan a sa ruwan gishiri zalla, domin ragowar maganin da ke cikin robar kada ya ƙarasa shiga. A kira taimako. A duba numfashi, da bugun zuciya, da awon jini, da yawan iskar oksijin. In abin a fata kaɗai ya tsaya, ja da ƙaiƙayi, ana ba da maganin da ke daƙile histamin irin su Piriton, a ƙara da haidirokotizon, a zuba ido.

In kuwa numfashi ya sarƙe, ko murya ta dushe, ko harshe ya kumbura, ko jini ya faɗi, magani guda ɗaya ne ke ceton rai, shi ne adiranalin. Ana yin allurarsa a tsokar cinya ta waje, rabin miligiram ga babba, yaro kuma gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan minti 5 in ba a ga sauƙi ba. Shi ne ke tsuke jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyar iska, ya hana sauran ƙwayoyin garkuwa fashewa. Piriton da haidirokotizon ba sa maye gurbinsa; aikinsu yana jinkiri, kuma ba sa ɗaga jinin da ya faɗi. Kuskuren da ya fi kisa a wannan hali, a ko'ina cikin duniya, shi ne jinkirta adiranalin ana jiran a ga ko ƙananan magunguna za su wadatar. Ana kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a kishingiɗar da shi, a sa masa oksijin, a buɗe masa ruwa sosai. Ba a barin sa ya miƙe tsaye ko ya taka zuwa banɗaki, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin miƙewa farat ɗaya na iya sa zuciya ta rasa jinin da za ta harba. Adiranalin ba shi da tsada, 'yar ƙaramar kwalba ce. Wurin zamansa shi ne kan teburin ɗakin kemo kafin a buɗe ruwan kowa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an shawo kan lamarin, sai maganar komawa gida. A wasu mutane borin yakan lafa, sannan ya sake tasowa bayan sa'o'i ba tare da an ƙara musu komai ba. Mazaunin Sakkwato in hakan ta same shi, cikin mintuna yana bakin asibiti. Mutumin Kebbe kuwa tana iya riskar sa a cikin mota, ko tsakar dare a ƙauyen da ba a fita bayan magariba saboda halin tsaro. Saboda haka wanda ya yi bori mai tsanani, in likita ya ce ya kwana a asibiti, kwanan shi ne daidai, komai matsin kuɗin gado. Ko an sallame shi, gara ya kwana a cikin gari wurin dangi ya kama hanya da safe.

Kafin ya bar asibitin akwai abin da ya fi kowane tsaraba daraja, wato rubutu. Sunan maganin da ya jawo borin, zama na nawa ne, minti nawa da farawa, waɗanne alamomi aka gani, me aka ba shi, yaushe ya dawo daidai. Wannan bayani ana sa shi a fayil, amma ya kamata majinyaci ma ya riƙe nasa a takarda tare da katinsa, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Dalili shi ne mai daji ba a hannu ɗaya yake zama ba. Yau yana Sakkwato, gobe ƙarin jini ya kai shi babban asibitin Tambuwal, jibi an tura shi Zariya a yi masa gashin daji. “Wani magani ya taɓa bugar da ni” ba ya wadatar da likita ya yanke hukunci; sunan maganin da lokacin da abin ya faru su ne suke nuna masa hanya. Asibiti kuma yana kai rahoton irin wannan ga hukumar NAFDAC, wadda ke tattara bayanan illolin magunguna a ƙasa, ta yadda in wani rukunin magani ne ke da matsala za a gano.

Sai babbar tambaya: a koma kan maganin ko a bar shi? Likitan daji yana auna abu uku. Yaya tsananin borin ya kasance, wane rukunin magani ne, kuma akwai wani da zai yi aikin da wannan yake yi? Na ukun nan shi ne mai nauyi, domin sau da yawa maganin da ya jawo borin shi ne mafi ƙarfi a kan wannan dajin. Sauya shi da mai rauni yana iya zama rage wa majinyaci damar warkewa.

In borin mai sauƙi ne kuma daga fakilitaksel ko dositaksel ya zo, sau da yawa a ranar ma ake ci gaba. A jira alamomi su gushe, kamar rabin awa, a ƙara magungunan share fage, a sake buɗe ruwan a hankali ƙwarai, ana ƙara gudunsa kaɗan-kaɗan, malamar jinya na tsaye. Mafi yawa sukan shanye ruwansu lafiya. Wata hanyar ita ce canza magani: akwai nau'in fakilitaksel da aka haɗa ba tare da man zurma ba, sai dai yana da tsada, asfarajines ma yana da wani nau'i da ake komawa kansa. Amma ga kabofilatin da 'yan uwansa, rage gudu da ƙara Piriton ba abin dogaro ba ne, domin garkuwa ta riga ta haddace maganin, ɗan kaɗan ya ishe ta tashi.

Don irin wannan aka tsara hanyar da za a iya kira sabar da jiki. Hikimarta ita ce ƙwayoyin garkuwar nan suna fashewa ne in magani ya zo musu da yawa lokaci guda. In aka fara da ɗan mitsitsin da bai kai ya tsokane su ba, aka riƙa ninkawa a kan ƙa'ida, sai su yi lamo har a gama. Tsarin da ya fi shahara an gina shi ne a asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, ƙarƙashin Dakta Mariana Castells. Mai haɗa magani yana shirya leda 3. Ta farko an tsinka maganin sau 100, ta biyu sau 10, ta uku kuma da cikakken ƙarfinsa. Kowace leda tana da mataki 4, jimla mataki 12. A matakin farko abin da ke shiga jiki cikin minti 15 bai wuce rabin mililita ba, ɗigo kamar 10 na ruwan da kusan babu magani a cikinsa, abin da bai kai kashi 1 cikin 10,000 na adadin ranar ba. Duk bayan minti 15 a ninka. Mataki na ƙarshe shi ne mai tsawo, kusan awa 3, a nan ne mafi yawan maganin yake shiga. Gaba ɗaya aikin yana cin kusan awa 6. In alama ta ɓullo a tsakiya, a tsaya, a kwantar da ita, a ci gaba daga inda aka tsaya.

A 2008 wannan asibiti ya wallafa sakamakon yin haka sau 413 ga majinyata 98 da suka taɓa yin bori. A kashi 94 cikin 100 na zaman, ko dai ba a ga komai ba, ko abin da aka gani mai sauƙi ne. Babu wanda ya rasa ransa, kuma dukansu sun sami cikakken adadin maganinsu. Wannan sakamako ne ya sauya tunanin likitoci a kan mutanen da a da ake ce musu sun rabu da maganin har abada.

Sai dai hanyar tana da sharuɗɗa masu tsauri. Sabon da jiki ya yi na ɗan lokaci ne. Da maganin ya fita daga jini, garkuwa ta koma halinta. Don haka kowane zama na gaba sai an sake bin matakan nan 12 daga farko, kuma wanda ya sha lafiya ta wannan hanya bai warke daga borin ba. Tana buƙatar na'urar da ke auna gudun ruwa daidai, da mai haɗa magani ƙwararre, da malamar jinya da ba ta da wani aiki sai wannan majinyacin, da likita a kusa, da ɗakin kulawa ta musamman in ta ɓaci. Aikin babban asibiti ne mai sashen daji. Ba a yin sa a ƙaramin asibiti, balle a ɗaki a gida da ma'aikacin lafiya na unguwa, komai kyawun niyyarsa da sauƙin kuɗinsa. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likitansa ko wannan hanya ta dace da shi, da kuma inda za a yi masa.

Akwai kuma borin da ba a komawa bayansa ta kowace hanya. Shi ne wanda ke zuwa bayan kwanaki, fata ta yi ƙuraje masu ruwa tana saɓulewa kamar ƙuna, baki da ido da al'aura su yi gyambo, ga zazzaɓi, irin abin da wasu suka taɓa gani bayan shan Septrin ko Fansidar. Haka wanda ya taɓa hanta ko ƙoda. Wannan maganin an rabu da shi ke nan, sai a nemi wani. Tunda irin wannan a gida yake farawa, duk ƙurjin da ya fito bayan zama ya cancanci a ɗauki hotonsa a nuna wa likita kafin zama na gaba. In baki ko ido ya shiga ciki, ba a jiran ranar alƙawari.

Wani kaso na rigakafin a hannun majinyaci yake. Mai shan dositaksel akan ba shi ƙwayar deksametason ya fara sha tun ana gobe zama, safe da yamma, har kwana 3. Mai fakilitaksel a wasu tsare-tsaren yakan sha awa 12 da awa 6 kafin zama, wato da dare da kuma kafin asuba, daidai lokacin da mutumin Jabo ko Sanyinna yake haramar fita neman mota. Mantuwa tana da sauƙi a nan, kuma wanda ya manta ya faɗa kafin a buɗe ruwa, akwai allurar da za ta cike gurbin. Ɓoyewa don kada a ɗaga zaman ita ce haɗari. A watan azumi wasu kan tsallake ƙwayar, alhali mara lafiya yana da rangwame a addini. Deksametason yana ɗaga sukari, don haka mai ciwon suga ya sanar. Wasu magungunan hawan jini suna rage ƙarfin adiranalin, mai asma kuma borinsa yakan fi tsanani. Duk waɗannan, da jiƙo da garin maganin gargajiya da ake sha a gida, likita yana buƙatar ya ji su. Kuma ba daidai ba ne mutum ya biya kemis ya sayi Piriton ya sha da kansa don ya danne alamomi, domin yana iya rufe gargaɗin farko ba tare da ya hana babban borin ba.

A cikin ɗakin ma akwai abin da ke hannunsa. Kunya da kawaici, waɗanda ado ne a wurin mutanen wannan yanki, a kujerar kemo suna iya zama illa. Dattijuwar da ta ji tafin hannunta na ƙaiƙayi ta yi shiru don kada ta dami ma'aikata, ko don tsoron kada a cire ruwan da aka biya kuɗinsa, ta ba borin mintunan da yake buƙata. Mai rakiya ya zauna inda yake ganin fuskarta, musamman a rubu'in awa na farko, ya ajiye waya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma tsoron wanda ya taɓa jin maƙogwaronsa na rufewa tsoro ne na gaskiya da ya cancanci a zauna a saurare shi. Amma tazarar mako 3 da ke tsakanin zama da zama ba a banza aka sa ta ba. An auna ta ne ta yadda jiki zai farfaɗo, dajin kuwa bai samu sararin farfaɗowa ba. Duk watan da aka ƙara a gida ana jiƙe-jiƙe, ƙwayoyin da suka saura suna hayayyafa, kuma wanda ya dawo bayan wata 6 sau da yawa yakan tarar cutar ta wuce inda aka bar ta. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu daji sama da 127,000 a Najeriya cikin shekara guda, da mutuwar kusan 80,000. Zuwa a makare da yanke magani a tsakiya suna cikin manyan dalilan wannan asara.

Ma'aikatan lafiya na Tambuwal da Kebbe, daga manyan asibitocin garuruwan biyu har na Dogon Daji da Kuchi, su ne suka fi kusa da majinyacin da ya gudo. Su ne za su tanadi adiranalin su kuma san awonsa, su karanta takardar da ya zo da ita, su gane zazzaɓin bayan kemo, su kira sashen da ke kula da shi. Maigida da 'ya'ya da 'yan uwa kuma, waɗanda a hannunsu kuɗin mota da izinin tafiya suke, in borin jini ya sami majinyacinsu, su mayar da shi wurin likitan da ya san fayil ɗinsa a ranar da aka rubuta masa a kati, da takardar bayanin a hannu.